Lissafin Zafi Kafin a Ɗauki Dalma: Regilater Mai Daidaituwa a Ƙasar Adar

Maganar yau a kan wani ɗan baƙin abu ce mai ƙafa uku, wanda kusan duk mai gyara ya taɓa ciro shi daga cikin mataccen rediyo ko tsohuwar na'urar caji. Sunansa LM317. Wani injiniya mai suna Robert Dobkin ne ya tsara shi a kamfanin National Semiconductor na Amurka a 1976, kuma har yau ana ƙera shi, duk da cewa Texas Instruments ya saye kamfanin tun 2011. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta mai hawa da sauka ya fitar da ita a tsaye, a kan adadin bolt ɗin da mai haɗi ya zaɓa, daga 1.25 har zuwa 37. Wannan zaɓin shi ne abin da ya sa ake ƙaunarsa, shi ne kuma inda ake yawan faɗawa rami, domin mutum yakan ɗauka tunda akwai abin murɗawa, lissafi ya faɗi. Abin da nake so in kafa muku hujja a kansa shi ne cewa zanen da muke kwafowa daga littattafai da intanet an yi shi ne don ɗaki mai sanyin digiri 25, mai wadatar wuta, marar ƙura. Wanda zai haɗa da'ira a Adar dole ya sake lissafin da alƙaluman Adar, sa'an nan ya taƙaita abin murɗawar nan iyakar taƙaitawa.

Mu fara da dalilin da ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da mutumin Faransa ko Japan. A Nijar waɗanda wutar lantarki take kai wa gidajensu ba su wuce kimanin kashi 20 cikin 100 ba, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai. Waɗanda suke kan layin kamfanin lantarki na NIGELEC ma sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba mu mafi yawan wutar da ƙasar ke sha, ta yanke layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni a haka. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 a cikin wannan jiha tamu ta Tahoua, ci gaba ce, amma ba ta kawo waya har rugage da ƙauyukan da ke kewaye da mu ba. Saboda haka wutar da mafi yawan mutanenmu suka sani ita ce ta allon sola da batir mai bolt 12. Batirin nan kuwa ba ya tsayawa kan 12. In ya cika ya huta yakan nuna 12.6 ko 12.7, in ana yi masa caji yakan haura 14, in ya sha aiki yakan gangaro ƙasa da 12. Rediyo yana son 6 ko 9, salula tana son 5, fitila tana son nata. Tsakanin batir mai sauye-sauye da kaya masu son wuta tsayayya dole a sami mai shiga tsakani, kuma shi ne regilater.

Yadda LM317 ke aiki abu ne mai sauƙin riƙewa. Ƙafa ɗaya ta shigar wuta ce, ɗaya ta fita, ta ukun ta daidaitawa. Abu guda ya iya: yana tsare tazarar bolt 1.25 tsakanin ƙafar fita da ƙafar daidaitawa, kome ya faru. In ka sa rezistans ta farko tsakanin waɗannan ƙafafu biyu, ka sa ta biyu daga ƙafar daidaitawa zuwa ƙasa, wutar da ta bi ta farko ita za ta bi ta biyu, sai bolt ɗin fita ya ɗaga gwargwadon girman ta biyun. Lissafin shi ne ka raba ta biyu da ta farko, ka ƙara ɗaya, ka ninka da 1.25. Idan ta farko om 120 ce, ta biyu 360, raba ya ba ka 3, ƙara ɗaya ya zama 4, ninkawa ya ba ka bolt 5. Da 750 za ka sami 9 da ɗan ɗoriya, da 1200 za ka sami 13.75. Yawancin zane-zane suna sa om 240 a ta farko, amma na fi son 120, don takardar bayanin kamfani ta ce LM317 na iya buƙatar miliamper 10 su riƙa gudana kullum kafin ya riƙe daidaito. Om 240 tana jan 5 kawai, 120 tana jan 10 da ɗan abu. Wanda ya sa 240 ya cire kaya daga bakin waya, wani lokaci zai tarar bolt ya haura, kuma salular da aka fara sakawa ita za ta sha wannan haurawar.

Yanzu ga inda zanen baƙi yake rabuwa da ƙasarmu. LM317 ba ya mayar da rarar wuta wani wuri, ƙona ta yake yi ta zama zafi a jikinsa. Yawan zafin shi ne bambancin bolt ɗin shiga da na fita, a ninka da amper ɗin da kaya ke ja. Ɗauki salula da ke jan amper 1 a kan bolt 5 daga batir mai 12.6. Bambanci 7.6 ne, wato wat 7.6 na zafi a cikin ɗan abin nan. Cikinsa ba ya jure fiye da digiri 125, kuma in babu farantin alminiyum a bayansa, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafinsa da kimanin digiri 50. A ɗaki mai digiri 25 akwai sararin digiri 100, wato wat 2. A Tahoua kuwa, watannin Afirilu da Mayu, zafin rana a inuwa yakan kai 41 ko ya zarce, kuma shago mai rufin kwano da akwatin roba a rufe ba za su gaza 45 ba, sau da yawa ma sun fi. Sarari ya koma digiri 80, wato wat 1.6, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na amper ba a wannan haɗi. Ga shi an rubuta amper 1.5 a takardarsa, amma a shagonka da azahar ɗin bazara, tsirara babu faranti, iyakarsa 0.2. Don ya ɗauki amper 1 ɗin nan, a raba 80 da 7.6, a sami kimanin digiri 10.5 ga kowane wat. Kusan 5 daga ciki jikin regilater da abin da ke raba shi da faranti sun cinye, saura 5.5 ga farantin. Mai ɗaki mai sanyi zai tsira da faranti mai 8. Naka dole ya fi nasa girma a fili, ƙunƙumen alminiyum mai haƙarƙari, a tsaye, inda iska ke ratsawa.

Wani zai ce: malam, ai an gina masa kariya a ciki, in ya yi zafi da kansa yake rage wuta, don me za mu wahalar da kanmu? Gaskiya ne akwai kariyar, kuma tana cikin abin da ya ɗaukaka shi a zamaninsa. Amma a duba abin da kariyar take karewa. Kanta take ceto, ba aikinka ba. In ta motsa, bolt ya faɗi, salula ta daina caji, regilater ya huce, wuta ta dawo, ya sake zafi, haka za a yi ta yi har la'asar, mai salula ya zo ya tarar ba ta cika ba ya ce batirinka ne ya mutu. Ban da haka, kariyar ba ta motsawa sai zafi ya wuce 125 ɗin da kamfani ya yarda a yi aiki a ƙarƙashinsa, don haka na'urar da ke rayuwa a bakin kariya kullum tana aiki ne a wajen iyakarta. Maƙwabtansa a kan allo kuma ba su da wata kariya. Kondansater mai ruwa a ciki, irin mai kamar ɗan gwangwani, ƙa'idar da masu ƙera ta suka bayar ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Wadda aka rubuta wa digiri 85 a jiki, in ta zauna gab da regilater mai tafasa, ita za ta fara kumbura. A nemi mai 105, a kuma nisanta ta da faranti. Wannan ɗan bambancin rubutu da mai saye ba ya dubawa shi ne tsakanin na'urar da ta ga damina uku da wadda ba ta ƙetare bazara ɗaya ba.

Zafin nan kuma asarar dukiya ce, domin wuta ce da allon sola ya tara. A haɗin salula da muka lissafa, batir ya ba da wat 12.6, salula ta karɓi 5, kashi 40 cikin 100 ke nan. Kamar mai jan ruwa ne a rijiya mai zurfi irin tamu ta Adar, ya sha wahalar fito da guga cike, sa'an nan ya zubar da fiye da rabi a ƙasa kafin ya kai bakin tulu. A nan ne masu suka suke da hujja mafi ƙarfi. Suna cewa LM317 tsohon yayi ne, ga ƙananan alluna masu LM2596 sun cika kasuwa, su ma ana daidaita su da ɗan sukuru, kuma ba sa ƙona rara. Haka ne. LM2596 yana kunna wuta yana kashewa sau 150,000 a daƙiƙa, yana tara ta a naɗin waya yana saki a hankali, kuma daga bolt 12 zuwa 5 yana isar da kimanin kashi 80 cikin 100. Amper 1 na salula zai ja rabin amper ne kawai daga batir. Ga mai sana'ar cajin salula a kasuwa, ma'anar wannan ita ce batir ɗaya ya ɗauki ninki biyu na wayoyin da yake ɗauka. Ban ga dalilin da zai sa a yi gardama a nan ba: duk inda tazarar bolt take da faɗi kuma kaya na jan wuta da yawa, a ajiye LM317 a ɗauki mai kunnawa da kashewa.

Sai dai wannan bai kore shi daga teburin mai gyara ba, ya dai nuna masa wurin zamansa. Rediyo mai bolt 9 da ke jan kashi ɗaya cikin goma na amper daga batir 12.6 zai bar wa regilater wat 0.36 kawai, ko faranti ba ya buƙata, kuma kashi 71 cikin 100 na wutar ya isa inda aka aike shi. Ga kuma abin da masu yabon sabon yayi suke mantawa. Kunnawa da kashewa sau 150,000 tana haifar da ƙara a kan ninkin wannan adadi, wato kilohaz 600, 750, 900 da sauransu, kuma waɗannan suna tsakiyar matsakaicin zango, suna kuma iya hawa har gajeren zango. Dattijon da ya saba da labarun safe a rediyonsa, in ka haɗa masa irin wannan allo marar kyakkyawar tacewa, zai ji shuuu a maimakon muryar mai karanta labarai. LM317 shiru yake aikinsa. Haka nan a na'urar ƙara sauti ta masallaci, wajen da makirfo ke shiga, da duk wani abin awo mai son wuta tsabtatacciya. Da tsohuwar zuma ake magani, in an san ciwon da take yi wa. Kuma lissafin rezistans biyu da muka yi shi ne dai a cikin LM2596 mai daidaituwa, sai dai nasa ma'aunin 1.23 ne, don haka wanda ya fahimci tsohon ya riga ya fahimci rabin sabon.

Mu zo kan abin murɗawa, wanda a ganina shi ne wuri mafi haɗari a duk da'irar. Zanen da ya fi yawo yana sa rezistans mai murɗawa ta om 5000, irin ta ƙarar rediyo, a matsayin ta biyu, da 240 a matsayin ta farko. Wannan yana ba da daga 1.25 har sama da bolt 27. A teburin gwaji na makaranta yana da amfani. A gidan da yara suke, ko shagon da kowa ke kai hannu, ɗan juyi kaɗan ya isa ya aika wa salula bolt 10. Ko babu mai taɓawa ma akwai hunturu. A cikin abin murɗawar akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar hanyar gawayi, kuma ƙurar da ke sauko mana daga arewa tun Nuwamba har Fabrairu tana shiga tsakaninsu. Kowa ya san ƙarar ƙarrr da tsohon rediyo ke yi in an murɗa shi, to wannan harshen ne yake rabuwa da hanyarsa. A rediyo abin ya tsaya ga ɓacin kunne. A regilater kuwa, in harshen ya ɗaga, ƙafar daidaitawa ta rabu da ƙasa, sai bolt ɗin fita ya tashi ya kusa kai na shiga. Wato lalacewar wannan ɗan abu tana faɗawa ne ta ɓangaren da ke ƙona kaya. Maganin yana da arha. A haɗa harshen da ɗaya daga ƙafafun gefe, don ko ya ɗaga hanyar gawayi ta ci gaba da riƙe da'ira. Sa'an nan a gitta rezistans tsayayya a kansa. Da 120 a ta farko, a sa 390 a gitta da mai murɗawa ta 5000, haɗuwarsu ta ba da kimanin 362, iyakar abin da za a iya murɗowa bolt 5.02 ne. Ko mai murɗawar ta tsinke gaba ɗaya, 390 ta rage, bolt zai tsaya wajen 5.3. Rezistans ɗaya ta sayi ran salula.

To in haka ne, me ya sa ba za a ɗauki regilater tsayayye irin 7805 ko 7812 a huta ba? Domin daidaitawa tana da aiki na gaske, sai dai aikin na mai haɗi ne, sau ɗaya, da mita a hannu. Ma'aunin 1.25 ɗin nan kamfani ya ce yana iya zama ko'ina tsakanin 1.20 da 1.30. A kan bolt 5 wannan ba wani abu ba ne, amma wanda ya lissafa 13.8 don cajin batir zai iya samun 13.25 ko 14.35, na farko ba ya cika batir da kyau, na biyu in an bar shi a kai kullum yana ƙafar da ruwansa. Sa'an nan 13.8 ɗin kanta lambar digiri 25 ce. Masu ƙera batirin dalma suna cewa a rage aƙalla milibolt 3 ga kowane ɗaki na batir a kan kowane digiri na ƙarin zafi. Ɗakuna 6, ƙarin digiri 20, ya zama a rage kusan 0.4, wato a bazarar Adar batirin da zai daɗe a kan caji 13.4 yake so. Babu regilater tsayayye da ake sayarwa a kan 13.4. Ga misalin haɗi na cajin ƙaramin batir mai amper-awa 7, irin na babur ɗin ɗan kabu-kabu, daga tsohuwar cajar kwamfuta mai bolt 19. Ta farko 120, ta biyu tsayayya 1100 a jere da ƙaramar mai sukuru ta 200. Wannan ya ba da 12.7 zuwa 14.8 a bakin regilater, bayan diyod da ke hana batir mayar da wuta baya kuma kimanin 12 zuwa 14.1. A ƙara rezistans ta om 2.2 mai jure wat 5 a jere don taƙaita gudu: batir mai 12 zai ja kusan amper 0.6, wanda ya yi daidai da ƙa'idar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, yana cika gudun yana raguwa. A auna a bakin cikakken batir, a tsayar da sukuru kan 13.4, a ɗiga masa jan farce ya kame, a rufe akwati. Farantin kuma a lissafa shi da batirin da ya mutu murus har 10.5, wanda zai ja amper 1.3 ya bar wa regilater fiye da wat 6.

Akwai wani zane da ya kamata in yi gargaɗi a kansa, na cajin batir kai tsaye daga allon sola ta hanyar LM317. A takarda yana da kyau, allo mai ɗakuna 36 yana ba da mafi kyawun ƙarfinsa a kan bolt 17 zuwa 18, batir na son 13 da wani abu. Amma wannan ma lambar digiri 25 ce. Allon da ke kan rufi a ranar Afirilu yakan kai digiri 65, kuma kowane ɗaki yana rasa kimanin milibolt 2 a kan kowane digiri, jimilla wajen bolt 3. Allon ya koma 14 da rabi. LM317 yana son rarar bolt 2 zuwa 3 kafin ya yi aiki, diyod ta ci 0.7, ka ga ana neman kusan 17 daga allon da ba shi da ita sai in ya rage gudun wutarsa ƙwarai. Sakamakon shi ne caji ya yi rauni daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Wannan aiki na na'urar cajin sola ce da aka yi dominsa. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya jera alluna biyu don ya sami rara ya tuna cewa kowane allo in babu kaya yana kai bolt 21 zuwa 22, da sanyin safiyar Janairu ma ya fi haka, biyu sun haura 43, alhali LM317 ba ya jure bambancin da ya wuce 40 tsakanin shiga da fita. Lokacin kunnawa, kondansater ta fita babu kome a cikinta, duk 43 ɗin a kansa suke sauka.

Sauran ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. Jerin ƙafafun LM317 ya saɓa da na 7805: in rubutu na fuskantarka, ƙafafu na ƙasa, daga hagu daidaitawa ce, sai fita, sai shiga. Ƙarfen bayansa a haɗe yake da ƙafar fita, don haka wanda ya ɗaure shi da kusa a jikin akwatin ƙarfe ba tare da abin rabewa ba ya gama fita da ƙasa. Rezistans ta farko a manna ta gab da ƙafafu. Kondansater ta mikrofarad 0.1 a shiga, ta 1 ko fiye a fita, in an sa ta 10 a ƙafar daidaitawa don ƙarin tsabta sai a sa diyod biyu na kariya irin 1N4002 kamar yadda takardar kamfani ta nuna. Kuma tunda da maƙalai ake kama kan batir, a cikin duhu wani lokaci, fis da diyod na hana juyin kai su zama farilla.

Suka ta gaba daga kasuwa take fitowa. Me zai sa yaro ya ɓata yini yana lissafi da dalma, alhali kayan Sin suna nan a kasuwar Tahoua, wasu sun shigo ta Birnin Konni daga Sakkwato da Kano, wasu ƴan cin rani sun zo da su daga Abijan ko Libiya? Ba na cewa a daina saye, kuma ba kowane abu ne ya cancanci a haɗa shi da hannu ba. Amma kayan nan ma da lissafin ɗaki mai sanyi aka yi su, da yawansu kuma ko shi ba su cika ba. Sananne ne a tsakanin masu wannan sana'a a duniya cewa akwai jabun LM2596 da aka buga wa sunan alhali cikinsu wani abu ne mai tafiya a kan kusan kilohaz 50, akwai kuma jabun LM317 masu ƙanƙanin ciki da ba sa kai rabin abin da aka rubuta. Allon da aka ce amper 3 ne, da ɗan jikinsa babu faranti, ba zai ba da haka a shagon kwano ba. Wanda ya iya lissafin da muka yi shi ne zai duba allo ya ce wannan a tsayar da shi kan amper ɗaya da rabi, wancan a canja masa kondansater, wancan kuwa a mayar wa mai shi. Kuma in na'ura ta mutu a ƙauye mai nisa da gari, mai gyaran da ke da LM317 guda biyar da ƙullin rezistans yana da maganin rediyo mai 3, mai 4.5, mai 6 da mai 9, ba sai ya ajiye kowane iri daban ba.

Suka ta ƙarshe ita ce wadda ta fi yi mini nauyi, don a bakin masu ilimi ake jin ta: wai wannan lissafi ya fi ƙarfin yaron shago da bai yi nisa a lakwal ba. Ku duba abin da muka yi tun ɗazu. Ragewa, ninkawa, rabawa. Mai awon hatsi a kasuwa da ke juya tiya zuwa buhu, buhu zuwa jika, yana yin wanda ya fi wannan wuya a ka, ba alƙalami. Abin da ya tsare yaran nan shi ne takardun suna cikin Ingilishi, darasin yana cikin Faransanci, shagon kuma da Hausa yake magana. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci hukumar makamashin hasken rana ta ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya haɗa abubuwan nan biyu a rayuwarsa: binciken hasken rana da ya dace da Sahel, da kira a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu, kamar yadda ya yi a littafinsa kan ilimi a Afirka na 1964. Jami'ar Tahoua tana kusa da mu, cibiyoyin koyon sana'a suna nan. Shafi ɗaya da Hausa, mai jadawalin rezistans da lissafin faranti a kan digiri 45, a manne a bangon kowane shago, aiki ne da ɗalibai kaɗan za su iya gamawa cikin hutu ɗaya.

Jadawalin kuma ba ya isa sai an gwada, domin 45 ɗin da na yi ta ambata ƙiyasi ne, wani shagon ya fi wani zafi, wani akwatin ya fi wani toshewa. Kada a gwada sabuwar da'ira da salular mutane. A nemi kaya na gwaji: rezistans ta om 5 mai jure wat 10 tana jan amper 1 daidai a kan bolt 5, ƙwan fitilar babur ma yana yi ga da'irar 12. A rufe akwati yadda za a miƙa shi ga mai shi, a ajiye inda zai zauna, a kunna da ƙarfe biyu na rana, a bar shi awa guda da mita a bakinsa. In bolt ya fara zamewa ƙasa bayan ƴan mintoci, kariyar zafi ce ta motsa, faranti ya yi kaɗan ko iska ba ta ratsawa. A ɗiga ruwa kaɗan a kan faranti kusa da regilater: in ya yi cuu ya ƙafe nan take, an haura 100 a waje, ciki kuwa ya wuce iyaka. In yatsa zai iya zama a kai daƙiƙa biyu ko uku, ana wajen digiri 60, akwai sauran sarari. Bayan haka a cire kaya a ga ko bolt ya haura, a ƙwanƙwasa mai sukuru da bayan sukurdireba a ga ko lambar mita ta yi tsalle, sa'an nan a sake awon da batirin da ya sauka zuwa 11.8, don a tabbatar rarar bolt 2 zuwa 3 da regilater ke buƙata tana nan har ƙarshen dare.